Kafin a sayi sabuwar saba, a fara ƙirga masu shigowa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato faɗuwar shafukan rajista na manyan makarantunmu duk lokacin da aka buɗe su, da kuma maganin da ake yawan ba wa cutar, wanda sau da yawa ba shi ne maganinta ba.

Abin da ya tunzura ni shi ne halin da 'yar yayata ta shiga a watan jiya. Yarinyar ta taso daga ƙauyenmu ta sauka a gidana don ta yi rajistar zangon karatu. Kwana uku tana jeka-ka-dawo tsakanin gida da kafe, kullum ta biya kuɗin Adaidaita, ta biya mai kafe, ta zauna tun hantsi har la'asar tana kallon shafin yana juyawa. Ranar da ya buɗe mata wa'adi ya riga ya wuce, aka ce sai ta biya tarar latti. Ta shigo gida ta ce da ni, "Kawu, wai ni ce na makara." Na rasa abin da zan ce mata. Bayan mako guda na ji cewa makarantar ta ware kuɗi za ta sayo babbar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, wadda wasu ke kira uwar garke, wai don kada a sake. A nan ne na ce ba zan yi shiru ba, domin na taɓa ganin irin wannan da idona.

Na yi shekaru ina aiki a sashen kwamfuta na wata kwaleji a nan Arewa. A lokacin ɗalibanmu sun kai dubu 20. Wata shekara shafin rajistarmu ya faɗi, aka yi taro, aka yanke shawarar sayen sabuwar saba. Ɗan kwangila ya kawo takarda mai ɗauke da sunayen kaya masu cika baki: furosesa biyu, RAM gigabait 128, manyan faifan ajiya. Aka biya, aka kawo, aka kafa, har shugaban kwaleji ya zo ya ga fitilunta suna ƙyaftawa. Da zango na gaba ya zo, ranar ƙarshe ta rajista, shafin ya sake kwanciya kamar ba a sayi komai ba.

Daren nan ni da wani matashi abokin aikina muka kwana a ofis. Abin da muka fara gani ya ɗaure mana kai. RAM ɗin nan mai gigabait 128, mafi yawansa a zaune yake ba abin da yake yi. Rumbun bayananmu MySQL ne, kuma duk wanda ya kafa shi bai taɓa saitinsa ba, yana shigowa ne da megabait 128 kacal a matsayin wurin da zai riƙa ajiye bayanai a kusa da hannu. Megabait, ba gigabait ba. Wato kashi ɗaya cikin dubu na abin da aka saya shi ne rumbun yake amfani da shi. Kamfanin da ya kafa mana manhajar ya kwashe komai daga tsohuwar na'ura ya juye a sabuwa, bai sauya ko layi ɗaya ba.

Bari in kwatanta wa mai karatu da abin da ya sani. Ɗauki mai shagon kayan masarufi. Yana da teburin gaba inda yake jera sukari da madara da sabulu, abin da ake tambaya kowane lokaci, yana kuma da sito a bayan kasuwa inda buhuna suke. RAM shi ne teburin, faifan ajiya shi ne siton. In teburinsa bai fi faɗin faranti ba, duk wanda ya zo sayen ashana sai an aiki yaro sito. Layi zai yi tsawo ko da yaran shagon sun kai ashirin. Mu an gina mana tebur mai faɗin tsakar gida, amma aka ce mai shago ya ci gaba da jera kaya a faranti. Littafin MySQL da kansa ya ce a na'urar da aka keɓe wa rumbu kaɗai, ana iya ba wannan wuri har kashi 80 cikin 100 na RAM.

Abu na biyu ya fi na farko muni. Jadawalin sakamakon jarrabawa a rumbun yana da layi kusan miliyan 2, domin ɗalibi dubu 20, kowanne da kwas kusan 20 a shekara, sakamakon shekara biyar a tare. Kafin ɗalibi ya yi rajista sai manhaja ta duba ko yana da kwas ɗin da ya faɗi. Amma ba a yi wa lambar ɗalibi fihirisa a wannan jadawali ba. Duk almajirin ilimi ya san amfanin fihirisa: in kana neman babin alwala a littafin fiƙihu, ba ka farawa daga shafin farko kana karantawa har ka riske shi. Rumbunmu kuwa haka yake yi. Duk ɗalibin da ya danna, sai ya bi layi miliyan 2 ɗaya bayan ɗaya. Da fihirisa, taki uku ko huɗu ne zai kai shi wurin. Abokin aikina ya rubuta umarni guda, bai cika layi biyu ba, muka jira 'yan mintoci ya gama gini. Shafin da yake ɗaukar daƙiƙa goma sai ga shi yana buɗewa kafin ka ɗauke yatsa. Wallahi Edita, na tuna na jingina da bango na yi shiru, ina tunanin miliyoyin da aka kashe da kuma yaran da suka kwana a ƙofar kafe.

Akwai lissafi ɗan ƙarami da nake so duk magatakarda da duk mai riƙe da baitulmalin makaranta ya sani, ba ya bukatar digiri a kan kwamfuta. A ce ɗalibai dubu 20 ne, an ba su mako biyu. In da za su rarrabu daidai a kwanakin, tsohuwar kwamfutar ofis ma za ta ɗauke su. Amma mun san halinmu, kuma ba laifin yaran ba ne kawai, iyaye da yawa sai a ranar ƙarshe suke haɗa kuɗin. To a ce rabinsu, dubu 10, sun zo cikin awa biyu na ƙarshe, kowanne zai buɗe shafi 30 kafin ya gama. Buƙata dubu 300 ke nan cikin daƙiƙa 7,200, wato kusan 42 a kowace daƙiƙa. In kowace buƙata tana ƙarewa cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, mutum takwas ko tara ne kawai suke tsaye gaban rumbu a lokaci guda. In kuwa tana ɗaukar daƙiƙa goma, 420 ne. MySQL da ba a taɓa saitinsa ba yana karɓar 151 ne a lokaci guda, daga nan ya rufe ƙofa ya riƙa jefo saƙon kuskure mai lamba 1040. Wani rumbun mai suna PostgreSQL ma 100 yake zuwa da shi. Kuma ɗalibin da ya ga shafi ya tsaya ba haƙuri yake yi ba, sake dannawa yake yi, sau biyar sau goma, sai cunkoson ya riƙa haifar wani cunkoson.

Wannan ne ya sa nake jin haushi in na ji ana cewa a ƙara adadin ƙofar kawai, daga 151 zuwa dubu. Na ga inda aka yi haka, na'urar ta shaƙe gaba ɗaya har mu ma'aikata muka kasa shiga. Mai shago da ke tafiyar hawainiya, in ka faɗaɗa masa ƙofa, cika shagon za a yi har ya rasa wurin juyawa. Abin da za a gyara shi ne tsawon lokacin da kowane mutum yake ɗauka a ciki.

Ba ina cewa kada a sayi na'ura ba ne. Akwai lokacin da sai an saya, kuma a nan ma ina da magana, domin na ga takardun tanda da yawa, kuma kusan duka abu ɗaya suke fifitawa: yawan furosesa da girman faifai. Shafin rajista ba furosesa ne ya fi damunsa ba. Abin da ya fi damunsa shi ne RAM da saurin faifai. Tsohon faifai mai juyawa, irin mai zagaye 7,200 a minti, karatu kusan ɗari yake iya yi a daƙiƙa in bayanan a warwatse suke, domin sai allurarsa ta yi tafiya ta nemo wurin. SSD kuwa, wato faifan da ba ya juyawa, yana yin dubbai goma-goma, nau'in NVMe ma ya wuce nan. Don haka in aka ba ni zaɓi tsakanin faifai mai juyawa terabait 20 da SSD terabait 1, ba zan yi dogon tunani ba. A sa biyu su riƙa kwafar juna, in ɗaya ya mutu ɗaya ya ci gaba. A sayi RAM nau'in ECC mai gyara kuskuren kansa, tunda makin yara da kuɗin iyayensu ne a ciki. A nemi na'ura mai mashigar wuta biyu. Sauran ƙawa ce.

Maganar girman faifai ma akwai ruɗu a cikinta. Rubutu ba ya cin wuri. Layi miliyan 2 ɗin nan, in kowanne ya ci bait 200, megabait 400 ne duka, ƙaramin filashi zai ɗauke shi. Abin da ke kumbura rumbu shi ne hotuna da takardun da ake ɗorawa: fasfo, takardar haihuwa, takardar ƙaramar hukuma, sakamakon WAEC ko NECO, rasit. Ɗalibi dubu 20, kowanne takarda biyar, kowace megabait 2 kamar yadda wayar zamani ke ɗauka, gigabait 200 ke nan. Mun tarar an cusa duk waɗannan cikin rumbun bayanai, suna gogayya da sakamako wajen neman wuri a teburin gaba. Muka fitar da su muka ajiye a matsayin fayil a gefe, rumbu ya riƙe adireshinsu kawai, muka sa manhaja ta riƙa matse hoto tun wajen ɗorawa. Rumbun ya dawo ɗan ƙarami har ya shige RAM gaba ɗayansa.

Akwai wasu dabaru da ba su cin kuɗi. Jerin kwasa-kwasai da kalandar zango da sanarwa ba sa sauyawa kowane minti, ba dalilin da za a tambayi rumbu su sau dubu a awa, ana iya riƙe su a kusa da manhaja irin su Redis, kyauta ce. Masu buga rahoto a ofishin kuɗi, waɗanda ke janyo lissafin shekara guda da tsakar ranar rajista, a ba su kwafin rumbu na biyu su yi aikinsu a can. Sannan mafi sauƙin duka, a raba ranakun rufewa tsangaya-tsangaya. Wannan takardar sanarwa ɗaya ce daga ofishin magatakarda, amma tana raba waccan buƙata 42 a daƙiƙa gida biyar ko shida.

Sai batun inda za a ajiye na'urar, wanda shi ne ya fi wahalar yankewa, kuma ba ni da amsa ɗaya ga kowa. Shugabanni suna son su ga saba a ɗaki cikin makaranta, su san tasu ce, a kulle da kwaɗo. Na fahimci wannan. Amma ni na yi jinyar irin wannan ɗaki. A watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40 a garuruwanmu, alhali ma'aunin da masu harkar suke bi shi ne ɗakin ya tsaya tsakanin 18 da 27. Wato na'urar sanyaya ɗaki ba za ta huta ba dare da rana, kuma ita ta fi sabar shan wuta. In hunturu ya shigo, ƙura ta toshe fanka. In aka ɗauke wuta mai gadi yana barci, batirin inbata ya ƙare kafin a tada janareta, rumbu ya mutu yana tsakiyar rubutu. Tun da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, ga kuma tsadar dizal, duk wanda ya ce ajiye saba a gida ya fi araha, to bai haɗa lissafin wuta ba.

Hayar na'ura a wurin manyan kamfanonin waje, irin su Amazon da Microsoft da Google, tana da daɗinta ga aiki irin namu. Cunkosonmu na mako biyu ne a zango. Kana iya ƙara ƙarfi a makon rajista ka rage bayan an gama, maimakon ka sayi abin da zai yi wata goma a zaune. Amma da dala ake biya. Wanda ya yi kasafinsa a farkon 2023 dala tana naira 460 da wani abu a farashin gwamnati, ya wayi gari a farkon 2024 ta wuce 1,500. Sannan ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kodebuwa, MainOne da WACS da ACE da SAT-3, duk wanda shafinsa ke Turai ya ji a jikinsa, ɗalibi yana Kano bayaninsa yana Landan, hanyar tsakani ta ƙuntata. Hanya ta uku ita ce a sayi na'urar a kai ta cibiyar ajiyar bayanai ta cikin gida, irin Rack Centre a Legas ko Galaxy Backbone a Abuja, su riƙe wuta da sanyi da layi, a biya su da naira. Ga makarantar gwamnati mai riƙe da bayanan dubban yara, musamman tunda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanta, ni wannan na fi karkata gare shi. Amma ko wanne za a zaɓa, a rubuta kuɗin shekara biyar a takarda ɗaya, da wuta da dizal da albashin mai kula, sannan a kwatanta.

Duk inda aka ajiye, kwafin ajiya ya zama a wani wuri daban. Faifai biyu masu kwafar juna ba kwafin ajiya ba ne, domin in ma'aikaci ya goge jadawali bisa kuskure, duka biyun za su goge tare. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma akwai waɗanda suka rasa bayanansu har abada saboda kwafinsu yana wuri ɗaya da asalin. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kuma kwafin da ba a taɓa gwada maido da shi ba, kada a dogara da shi. Mu sai da muka gwada namu muka gane an yi watanni ana ajiye fayil wanda babu komai a cikinsa.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. Ranar 1 ga Oktoba 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov, ya durƙushe tun ranar farko duk da kuɗin da aka zuba, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna ba a yi masa cikakken gwaji ba kafin a buɗe. A nan gida ma, duk ra'ayin da mutum yake da shi kan zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, bayanin da INEC ta bayar a rahotonta kan kasa ɗora sakamakon shugaban ƙasa a shafinta na IReV shi ne matsalar ta fito daga yadda aka tsara manhaja da rumbunta, ba ta ce na'ura ce ta yi ƙanƙanta ba.

Gwajin nan kuwa ba wani abin tsoro ba ne. Akwai manhaja kyauta mai suna JMeter da za ta kwaikwayi ɗalibai dubu biyar suna shiga a lokaci guda. A yi shi da daddare wata guda kafin rajista, a kunna littafin da rumbu ke rubuta tambayoyin da suka ɗauki dogon lokaci, da safe a duba guda goma na sama. Yawanci biyu ko uku ne suke janyo duk wahalar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina ganin bai kamata a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe ba sai ya yi wannan gwaji a gaban ma'aikatan makaranta, kuma a rubuta a yarjejeniya tun farko: mutum nawa a lokaci guda, shafi ya buɗe cikin daƙiƙa nawa.

Wani abin da ke sosa mini rai shi ne matasan da ke cikin waɗannan sassa. Da yawansu sun san duk abin da na faɗa, wasu sun fi ni sani. Amma ba a kiransu taron sayen kaya. Sai an gama komai a miƙa musu kwali a ce su kafa, in ya faɗi kuma su ne za a kira da tsakar dare. Wancan matashi da ya rubuta layi biyun da ya ceci rajistarmu, ko takardar yabo ba a ba shi ba, bayan shekara guda ya bar aikin ya koma wani kamfani a Legas. Kuɗin da za a kashe a tura mutum biyu su koyi kula da rumbun bayanai bai kai rubu'in kuɗin saba ɗaya ba.

Edita, roƙona gare ka shi ne, in wakilanku sun je wurin shugaban wata makaranta yana sanar da sayen sabuwar saba, su tambaye shi mutum nawa suka shiga shafin a awar da ta fi cunkoso a zangon da ya wuce, kuma wane ɓangare ne ya fara gazawa, RAM ne ko faifai ko layin intanet ko manhajar kanta. In yana da amsa, to an auna kafin a saya. Ina kuma kira ga hukumomin makarantun da shafinsu ya faɗi a wannan zango su duba littafin na'urarsu, domin mai yiwuwa ta rubuta lambar ɗalibin da ya yi ƙoƙarin shiga kafin wa'adi ya cika da kuma lokacin da ya yi, su mayar wa waɗannan yara kuɗin tarar da aka karɓa. Rasit ɗin 'yar yayata yana nan a wurina.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Kano